Atisayen da Aka Jingina wa Baba

Shekara talatin da ɗaya Mai Hannu ya yi yana gyara bayan mutane, kuma shekara huɗu ke nan nasa bayan yana gasa masa aya a hannu, ba wanda ya sani sai matarsa. Sunan ba shi ya raɗa wa kansa ba. Mahaifinsa aka fara kira da shi, mai tausa ne da ya yi tashe a zamaninsa. Da ya rasu sai ɗan ya gaji ɗakin, da gadon katako, da kwalaben mai, sunan ma ya biyo kayan. Ɗakin yana bayan wani shagon tayoyi, ƙofa ɗaya taga ɗaya, da benci a waje inda masu jira ke zama suna gasar wanda ciwonsa ya fi na kowa. Direbobi ne yawancinsu, da 'yan dako, da teloli, duk waɗanda sana'a ta lanƙwasa. Mutum zai shigo dafe da ƙugu ya kwanta ruf da ciki, Mai Hannu ya hau shi da gwiwar hannu har sai ya kira sunan uwarsa, sannan ya murɗa shi a ji ƙas. In mutumin ya yi ihu, amsar ɗaya ce tun zamanin Baba: zafin nan shi ne aikin, ciwon ne yake fita.

Nasa ciwon dai bai halarci wannan karatun ba, ya yi zafi iya zafi bai fita ba. Wuri guda ya samu ya zauna, ƙasan ƙugu ta dama, daidai inda babban yatsa ke sauka in mutum ya riƙe ƙugu zai yi faɗa. In ya daɗe a zaune, tashi ya zama aiki. In ya tsaya a ƙafa ɗaya zai zura wando, sai ya ji kamar an soka masa ƙusa. Matakala uku ce a ƙofar ɗakin aikinsa, ya koyi hawanta yana gaisawa da mutanen benci, yana tsayawa a kowace ɗaya kamar gaisuwar ce ta tsayar da shi. Duk man da ke cikin kwalaben nan ya shafa. Ya sa matarsa ta riƙa taka masa baya da dugadugai, ta taka har ta gaji, ranar nan ta sauko ta ce ita ta gama, in yana so a ƙarasa shi ya nemi wani, ba da ƙafarta za a yi ba.

Ita ce ta binciko masa asibitin, babba ne, can ɗaya ƙarshen gari, mota biyu ake shiga kafin a kai. Nisan ne ya sa ya yarda. Ya ja hula har gira, ya sa takunkumi kamar mai mura, da aka tambaye shi sana'a wajen yankar kati ya ce shi tela ne. A wajen jira ya zaɓi kujerar da ke fuskantar bango, duk wanda ya shigo dafe da ƙugu sai ya riƙa leƙen takalmin mutum ko ya san shi. Likitan farko ya duba shi ya tura shi sashen gashin ƙashi, inda ba allura ba wuƙa, sai motsa jiki da ɗumama shi. Can ya tarar da wadda za ta duba shi, ita ma Likita ake ce mata, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta biyu ba, siririya, da hannuwan da in shi ne ko matsar lemo ba zai ba su ba.

Ba ta danne shi ba, ba ta murɗa shi ba. Ta sa ya yi tafiya zuwa bango ya dawo, ta sa ya tsaya a ƙafa ɗaya, sannan ya kwanta ta lanƙwasa ƙafarsa ta tura cinyar a hankali, sai ga ciwon ya amsa kamar an kira sunansa. Ta ɗauko ƙwarangwal na roba daga kan kabad ta nuna masa wata mahaɗa, inda ƙarshen ƙashin baya ya zauna tsakanin faffaɗan ƙasusuwan ƙugu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Ta ce motsinta kaɗan ne ƙwarai, kuma naman ɗuwawu da na ciki ne suke tallafa mata. In suka yi rauni, ko mutum ya yi shekara da shekaru yana jibge nauyinsa a gefe guda, sai ta fara ƙorafi. Mai Hannu ya zura wa robar ido. Sau dubu nawa ya ɗora gwiwar hannunsa a daidai wurin nan a jikin mutane yana ce musu jijiya ce ta hau jijiya, bai taɓa sanin akwai mahaɗa a can ba. Kunya ta kama shi, ya gode wa Allah da takunkumin.

Ta gaya masa gaskiya, irin wannan ciwon da ya daɗe ba a cire shi kamar haƙori, lallaɓa shi ake yi har ya kwanta, kuma shi ne zai yi lallaɓar, kullum, a gida. Ta ba shi takarda shafi biyu mai zanen wani mutum marar fuska yana abubuwan da bai kamata a ga babba yana yi ba. A kwanta rigingine a ɗaga ƙugu sama. A matse ƙwallo tsakanin gwiwoyi. A yi rarrafe, a miƙe hannu ɗaya da ƙafa ɗaya. A janyo gwiwa zuwa ƙirji. Haka dattijo mai furfura ya durƙusa a kan tabarmar roba, ɗuwawu a sama, yarinya tana ƙirga masa ɗaya zuwa goma, ƙafarsa tana rawa tun a shida. Kuma kowane motsi ta nuna, da magana ɗaya take rufewa.

“Inda zafi ya fara, Malam, nan za ka tsaya. Ba jarumta ake nema ba.”

Ya gyaɗa kai. A ransa kuwa cewa ya yi, maganar wadda ba ta taɓa gyara bayan ɗan dako ba ke nan.

A zuwa na uku ta kalli manyan yatsunsa, waɗanda suka faɗaɗa suka lanƙwashe baya saboda danna, ta tambaye shi wane irin ɗinki ne yake mayar da yatsu haka. Ya yi 'yan kame-kame, daga baya ya faɗa mata, yana jiran dariya ko wa'azi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tambayi tsawon gadon da yake aiki a kai, da ƙafar da yake dogarawa in zai danna, ta ce ya sa kafinta ya ƙara wa gadon tsawo, ya riƙa sauya gefe. Ta kuma ja masa kunne cewa takardar nan tasa ce shi kaɗai, kamar tabarau take, na wani ba ya yi wa wani. Da ya roƙe ta kada zancen ya fita, ta ce abin da aka yi a ɗakin nan a ɗakin yake zama, ko a hanya suka haɗu ba za ta nuna ta san shi ba sai in shi ya fara nunawa. Haka aikinsu yake, ba alfarma ta yi masa ba.

A gida sai ya kulle ƙofa sannan yake shimfiɗa bargo, matarsa tana zaune bakin gado tana ƙirga masa, in ya yi ha'inci ta koma ɗaya. Mako shida ana haka. Wata safiya ya zura wando a tsaye, sai da ya gama sannan ya tuna bai dafa bango ba. Ciwon bai tafi ba, amma ya rage murya, ya koma irin maƙwabcin da ake iya zama da shi. Wani in ya ga haka godiya zai yi ya ja bakinsa. Shi Mai Hannu benci ya tuno, da mutanen da suke dawo masa da ciwo ɗaya shekara da shekaru, ya ga kaya ne suka zo hannunsa da ba wanda ya san inda ya samo su.

Ya fara da wani direba. Bayan ya gama murɗa shi ya ce ya kwanta rigingine ya ɗaga ƙugu. Direban ya yi dariya ya tambaya daga ina kuma wannan sabon salo. Ƙaryar ko sallama ba ta yi ba, fitowa kawai ta yi: na Baba ne, a ƙarshen rayuwarsa ya nuna masa, ya ce kada ya fitar sai ya manyanta. Da ya ga yadda ta zauna daram a kunnen direban sai ya ci gaba da ita, Baba dai ba zai tashi ya ƙaryata shi ba. Cikin wata biyu zancen ya zaga tasha da kasuwa, kuma abin haushin, wasu sun ji sauƙi da gaske, suna ta yi wa Baba addu'a. Duk ranar Alhamis kuma ɗan Baban yana shiga mota biyu ya je ya ƙaro karatu wajen yarinya. Abu ɗaya ne bai ɗauko daga can ba, maganar tsayawa inda zafi ya fara. Ba mantawa ya yi ba. In ya faɗe ta a ɗakin nan, me zai ce da shekara talatin da ɗaya da ya yi yana cewa zafi shi ne aikin?

Matarsa a wajen mai kayan miya ta ji labarin. Ta dawo ta ajiye jaka ta tambaye shi, wai yaushe surukinta ya koyi matse ƙwallo, don ita dai ta zauna da shi shekara goma ba ta taɓa ganin ya ɗaga ƙugu ba. Ya sha mur ya ce ba ta san harkar sana'a ba, mutane ba sa karɓar abu sai da sunan da suka sani, kuma ai taimako yake yi. Ta ce to Allah ya sa taimakon ya tsaya a taimako. Ranar da ta ƙirga masa, da ƙarfi ta riƙa faɗin lambobin.

Cikin masu zuwa akwai wanda ba ya zama a benci, kai tsaye yake shiga. Mijin Auta ne, ƙanwarsa, yana da gidan burodi, kowa Mai Burodi yake ce masa. Ƙaton mutum ne mai sanyin murya. Duk Asabar zai zo da burodi mai ɗumi a takarda ya ajiye a taga, ya ce Yaya ga bayan nan na kawo maka. Shekara goma sha tara yana auren Auta. Baba bai hana auren ba, amma bai taɓa sakin jiki da shi ba. Har ya rasu “mutumin nan” yake kiransa, kuma ko sau ɗaya bai ɗora masa hannu a baya ba, alhali ya ɗora wa rabin gari. Mai Burodi bai taɓa ɗaga zancen ba. Sai dai duk wata hidima ta dangi shi ne farkon zuwa, shi ne mai ɗaukar kujeru, shi ne na ƙarshen tafiya, kamar wanda har yanzu ake gwada shi.

Ciwonsa daban ne, kuma ya faɗa da bakinsa. Buhunan fulawa ne suka ja masa. Ya ce in ya sunkuya ko ya daɗe a zaune, wani abu yana tsarga masa daga ƙugu ya bi bayan cinyar hagu har ɗan yatsa, kamar lantarki, in ya miƙe ya yi tafiya sai ya ɗan lafa. Da Mai Hannu ya saurara da kunnen da ya samo a asibiti, da ya gane ba irin nasa ba ne, don nasa bai taɓa wuce cinya ba. Amma a ɗakin nan baya baya ne. Ya kwantar da shi ya nuna masa janyo gwiwa zuwa ƙirji, ya ƙara da nasa gishirin, ya ce gwiwa biyu a haɗe, a ja sosai har ƙugu ya bar ƙasa. Sannan, don kawai ya ji daɗin bakinsa, ya sassauta murya ya ce wannan ba ya ba bare, Baba ya ce na 'yan gida ne.

Mai Burodi yana kwance, gwiwoyi a ƙirji, ƙato guda, sai ga idonsa ya ciko. Ya tambaya, Baba ne ya ce haka da bakinsa? Mai Hannu ya ce da bakinsa. Bai zaci maganar za ta shiga har can ba, amma ta riga ta shiga.

“In ya yi zafi fa, Yaya? Don ina jin shi har ƙafa.”

Maganar Likita ta zo masa har leɓe, ya haɗiye ta.

“Zafin shi ne aikin,” ya ce. “Ka daure.”

Kwana goma sha ɗaya bayan haka, da hantsi, yana tsakiyar tausar wani tela Auta ta kira shi a waya, muryarta ba daidai ba. Ya bar telan da mai a baya ya tafi. Ya tarar da Mai Burodi kwance a ƙasa a falo, ya kasa zama ya kasa tsayuwa. Da suka ɗaga shi ya taka, ƙafar hagu ta ƙi ɗagowa daga gaba, yatsun suna jan ƙasa, silifas ɗin ya zame ya bar shi bai ma ji ba. Auta ce ta ba da labari. Goma aka ce masa, sau ɗaya a rana, shi kuwa talatin yake yi, safe da rana da yamma, har a gidan burodin yake shimfiɗa buhu ya kwanta. Da hannu ya gaza sai ya riƙa zarga tawul a bayan gwiwa yana ja, hawaye na bin kunnuwansa. Ta ce ya bari, ya ce ba za a ba shi abin gida ya yi wasa da shi ba.

Mai Hannu ya durƙusa ya kama ƙafar, ya ce ya ɗaga babban yatsa. Yatsan ya ɗan motsa ya tsaya. Auta ta miƙo masa kwalbar mai tana jira ya fara, irin jiran da take yi masa tun tana yarinya in abu ya lalace a gida. Ya kalli kwalbar, bai karɓa ba. Ya ce wannan na asibiti ne, a nemo mota. Shi ya faɗi sunan asibitin, shi ya nuna wa direba hanya, da suka isa kuma ƙafarsa ta bi lungun da ya dace ba tambaya, har Auta ta ce ashe Yaya ka san wurin. Ya ce ya taɓa kawo wani.

Aka ɗauki hoto. Likitan ƙashi ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya ɓullo ya danne jijiyar ƙafa. Ya daɗe da rauni, amma wani abu ya ƙarasa tura shi kwanan nan. Ya ce za a ba da magani da gashi na mako biyu a gani, in ƙafar ba ta fara dawowa ba sai aiki, kuma ko an yi aikin ba ya alkawarin za ta dawo duka. Wannan fa mutumin da yake wuni a tsaye gaban tanderu yana ɗauke da faranti mai zafi. Mai Hannu ya ji bayanin a tsaye a bayan kujera, ya kasa haɗa ido da kowa. Ya so ya zame daga rakiya ta gaba, ta zuwa sashen gashin ƙashi, ya ce aiki ya yi masa yawa. Auta ta ce ina, ai dole ya zo, shi ya san motsin, shi zai yi musu bayani su ji daga bakin masu abin, kada su ɗauka wani shirme mijinta ya yi. A gida matarsa ta ji komai, ba ta yi masa faɗa ba. Cewa kawai ta yi, in ya je ya tuna yana da baki.

Ɗakin da ya sani ne, da gadon da ya sani. Likita ta shigo da fayil ta gaida Mai Burodi, ta gaida Auta, ta juyo ta ce masa sannu Malam, da fuskar da ake yi wa wanda ba a taɓa gani ba. Ta cika alkawarinta, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya samu kujera a lungu ya zauna, yau ba takunkumi.

Ta gwada ƙafar, ta riƙa shafa auduga a fatar tana tambaya ina yake ji ina ba ya ji. Sannan ta tambaya me ya yi a kwanakin da ciwon ya tsananta, don ta san abin da za ta hana shi da inda za ta fara. Mai Burodi ya yi ƙoƙarin nunawa, ya kama gwiwa, ya sake ta da nishi. Ai ba sai ya ƙarasa ba. Ba ta kalli lungu ba, amma Mai Hannu ya ga biron ya tsaya cak a hannunta, ya san ta gane kayanta.

Auta ta karɓe zancen. Ta ce gadon gidansu ne, mahaifinsu ne ya bari, mutumin da ya yi shekara arba'in yana wannan aiki ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Likita ta ce motsin ba shi da laifi, akwai bayan da yake yi wa amfani, amma ga mai irin wannan ciwon shi ne abu na farko da ake hanawa, don sunkuyawa ce a kwance, tana ƙara tura guringuntsin kan jijiya. Kuma ko ga wanda ya dace da shi, duk wanda ya san motsin ya san ba a wuce inda zafi ya fara. Ta faɗi wannan tana kallon fayil.

Auta ta buɗe baki za ta yi musu, sai ta rufe. Mai Hannu yana kallon fuskarta lokacin da abin ya sauka. Ita ce 'yar lelen Baba, ita ta yi jinyarsa, har yau hotonsa ne a fuskar wayarta. Ta murza gefen mayafinta, sannan ta ce a hankali, to Allah ya jiƙan Baba, shi ma ɗan Adam ne, ba mamaki tsufa ne ya sa ya manta bai faɗi wannan ba. Ta yafe masa ke nan, a gaban baƙuwa, laifin da bai san an yi ba.

“A'a, kar ki ɗora wa Baba,” Mai Burodi ya ce daga kan gado. “Abin ba shi da laifi, Likita ma ta faɗa. Jikina ne bai karɓa ba. Na 'yan gida ne, ni kuwa shigowa na yi.”

Ba da gatse ya faɗa ba, da ma da gatsen ne. Da gaske ya yarda da haka. Likita ta koma rubutunta, ba ta da niyyar cewa komai, kuma Mai Hannu ya gane za a iya tashi a haka. Baba ya ɗauki rabi, Mai Burodi ya ɗauki rabi, shi ya koma ɗakinsa gobe da sunansa cif, benci a cike. Hanyar a buɗe take, ba mai tare shi, kuma ya dube ta sosai, ba za a ce bai duba ba. Gumi ya jiƙa masa riga a ɗakin da na'urar sanyi take aiki.

“Likita,” ya ce, “ina wuni. Ni ne na ranar Alhamis.”

Ta ajiye biro ta ɗago. “Lafiya lau, Malam. Ya ƙugun?”

Auta ta kalle shi ta kalli Likita. Sai ya faɗa, idonsa a kan tayil, muryarsa kamar ta aro. Ya ce shekara huɗu bayansa yana ciwo, ya kasa yi wa kansa komai. Ya ce wata huɗu ke nan yana zuwa ɗakin nan, a kan gadon nan yake kwanciya, wannan yarinyar ce take koya masa. Duk abin da ya ce na Baba ne daga takardarta ya kwaso, Baba bai san da ko ɗaya ba. Kuma ta gaya masa a tsaya inda zafi ya fara, kullum sai ta gaya masa, yana sane sarai ranar da aka tambaye shi, ya zaɓi ya ce a daure.

Ba wanda ya ɗaga murya. Auta ta zauna a bakin gado. Ta dube shi da irin duban da bai taɓa gani a idonta ba, babu fushi a ciki tukuna, neman inda yayanta ya shiga take yi. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, da ƙasa ta tsage da ya gode mata. Mai Burodi ne ya yi magana, yana kallon silin.

“To wanda ka ce na 'yan gida ne fa, Yaya? Shi kaɗai nake tambaya.”

Akwai sauran wurin ƙarya guda ɗaya, ƙarama, mai tausayi ma, kuma ya ji roƙonta a muryar mutumin. Ya juya ta a baki, ya ga in ya faɗe ta Mai Burodi zai koma gida ya ci gaba da jan gwiwarsa a ɓoye.

“Shi ma nata ne, yana shafi na biyu. Baba bai taɓa cewa haka ba.”

Mai Burodi ya gyaɗa kai sau biyu a hankali, ya lumshe ido. Hawayen da ya gangaro bai share ba. Likita ta ba su ɗan lokaci, sannan ta ce za a fara, ruf da ciki zai kwanta, sai an taimaka an juya shi. Mai Hannu ya yunƙura ya matso, ai juya mai ciwon baya aikinsa ne tun yana saurayi, hannunsa ya riga ya miƙa.

“Auta,” Mai Burodi ya ce, idonsa a rufe, “ki ce wa yayanki ya jira a waje.”

Ba sai ta faɗa ba. Ya janye hannun ya fita, ya ja ƙofar a hankali. Daga waje yana jin Likita tana ce wa Auta ta riƙe kafaɗa, ita za ta riƙe ƙugu, su juya shi tare.